Mai Larurar Ji a Titunan Kano

A Kantin Kwari, ɗan adaidaita sahu kan danna hon sau ɗaya, ya ɗauka kowa ya ji. Mai larurar ji kuwa bai san ana yi ba, sai dai ya ga mota a kansa.

Abin ba na 'yan tsiraru ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 430 a duniya ke fama da raunin ji mai tsanani.

Rashin jin hon ne ya sa kurame da yawa ke bin gefen titin da za su fuskanci motoci, ido na yi musu aikin kunne. Wasu kan ajiye takarda a aljihu mai ɗauke da lambar ɗan'uwa, domin a asibiti ko ofishin 'yan sanda da wuya a sami mai jin maganar hannu.