Kwamfuta Ta Ce Da Sauran Wuta, Sai Ta Mutu: Laifin Wane Ne?

Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da ɗalibai na ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo, ga wani al'amari da ke damun masu kwamfutar tafi-da-gidanka. Mutum zai ga alamar batir ta ce saura kashi 60 cikin 100, ya duƙufa kan aikinsa, ba a jima ba allo ya yi baƙi ƙirin, aikin yini ya salwanta. Wani kuwa zai sa caja, alama ta nuna an haɗa wuta, amma lamba ta ƙi motsi. A gari irin Tursa, inda sau da yawa sai an nemi sola ko janareto kafin a sami caji, kuma mai gyara yana can Sakkwato, wannan hasara ce babba. Da yawa sukan sayi sabon batir, alhali kuwa tsohon ba shi da laifi.

Ku sani, lambar nan labari ce wadda ta bi hannu uku kafin ta iso gare ku, kamar saƙon da ya tashi daga mai unguwa zuwa hakimi, daga hakimi zuwa uban ƙasa. Mai unguwa shi ne wani ɗan ƙaramin malejin da ke cikin batir. Hakimi wata 'yar na'ura ce bisa babban allon cikin kwamfuta, mai kula da shigar wuta da fitarta. Uban ƙasa kuwa shi ne Windows ko Linux. Ƙa'idar da suke magana da ita sunanta ACPI, wadda kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996. Kowane ɗayansu yana iya ɓata saƙo, saboda haka wajibi ne a bincike su ɗaya bayan ɗaya.

Amma a fara da caja, gama ita ce mai kawo kaya. A duba rubutun da ke jikinta a gwada da na gindin kwamfuta. Yawanci ƙarfinsu wat 45 ne, ko 65, ko 90, kuma ƙaramar caja ba ta iya ɗaukar aiki da caji gaba ɗaya. Cajar Dell da HP masu zagayayyen baki suna da siririyar allura a tsakiya, da ita kwamfuta ke gane irin cajar da aka sa mata. In allurar ta karye, ko cajar jabu ce, sai kwamfuta ta sha wuta ta hana batir. Araha ba ta ado. A ari caja ta ainihi a jarraba tukuna.

Sa'an nan a juya ga hakimi. A kashe kwamfuta, a zare caja, a cire batir in mai ciruwa ne, a danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30, kana a mayar da kome. Wannan yakan farkar da shi in ya rikice.

Bayan haka sai uban ƙasa. A kwamfutocin Dell, in aka danna F2 lokacin kunnawa, shafin BIOS yana nuna batir da caja tun Windows bai tashi ba. In can daidai ne, nan kuwa ba daidai ba, to an kama mai laifi. A buɗe Device Manager, a cire manhajar da ake kira Microsoft ACPI-Compliant Control Method Battery, a sake kunnawa, za ta komo da kanta. Har wa yau a lura, wasu kwamfutocin Lenovo da Asus suna da tsarin tsayar da caji a kashi 60 ko 80 da gangan domin batir ya daɗe. Wannan ba ciwo ba ne, kuma ana iya kashe shi.

Saura mai unguwa. Malejin nan ba ya leƙa cikin batir, ƙidaya kawai yake yi, kamar mai tsaron rumbu da ke lissafin kwanon da ya shiga da wanda ya fita. Ɗan kuskuren yau da na gobe sukan taru, balle inda caji ke yankewa kullum kafin a cika. Maganinsa a share rumbu a sake awo: a cika batir fal, a yi aiki da shi har kwamfuta ta mutu da kanta, sa'an nan a sake cikawa ba yankewa. Kada a mai da wannan al'ada, gama yawan ƙarar da batir ƙarƙaf yana rage kwanansa.

In duk an yi ba a dace ba, a buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport. Rahoto zai fito da lamba biyu, watau abin da batir ke ɗauka yana sabo da abin da yake ɗauka yanzu. Mutanen Goronyo sun san misalin wannan ga dam ɗinsu na Gulbin Rima, wanda aka gama a 1984: kowane dam, in laka ta taru a gindinsa, ko ya cika har baki ruwansa bai kai na dā ba. Haka batir yake, kuma zafin bazarar ƙasarmu, mai wuce digiri 40 cikin Afrilu, yana gaggauta tsufansa. In lamba ta biyu ta komo rabin ta fari, lalle lokacin sayen sabo ya yi.

Abu ɗaya ne ba ya jiran bincike. In batir ya kumbura har ya ɗaga maɓallai ko murfi, a daina caji nan take, kada a huda shi, kada a jefa shi wuta, a kai wa mai gyara, gama yana iya kamawa da gobara.