Ƙudan Kunama, Ƙwaron da Ke Kai wa Budurwa Toshi

Da za mu nuna muku hotonsa ba bayani, da yawanku za ku ja da baya. Ga fukafukai huɗu masu ɗigo-ɗigo, ga dogon baki kamar na tsuntsu, ga kuma wutsiya ta lanƙwashe sama sak irin ta kunama. To, ku kwantar da hankalinku, ba ya harbi. Namiji ne kaɗai ke da wannan wutsiya, kuma babu dafi a cikinta, gaɓar barbara ce kawai.

Mu dai mun raɗa masa suna ƙudan kunama, ko da yake shi ba ƙuda ba ne, ba kuma kunama ba. Masana sun sa shi cikin rukunin ƙwarin da suke kira Mekoftera, mai nau'i wajen 600. Tsohon gida ne, domin an samu sauransa a jikin duwatsun da suka haura shekara miliyan 250.

Masu wutsiyar kunamar sun fi yawa a dazuzzuka masu laima na Turai da Asiya da Arewacin Amurka. Matattun ƙwari suke ci, har sukan saci abin da gizo-gizo ya kama a yanarsa. Wasu 'yan ƙanana a ƙasashe masu sanyi ba sa tashi, sai dai su yi tsalle a kan dusar ƙanƙara. A nan Afirka kuwa, danginsu da muke da su su ne masu reto: sukan rataye a jikin ganye da ƙafafun gaba, su cafke ƙwaron da ya gifta da na baya.

Su masu reton ne suka fi burge mu. Namiji ba ya zuwa wurin tamata hannu rabbana. Sai ya kama ƙwaro, ya saki wani ƙamshi da zai jawo ta, sannan ya miƙa mata. Wani masani ɗan Amurka, Randy Thornhill, ya bi diddiginsu a shekarun 1970. Ya ga cewa idan toshin babba ne, tamatar takan tsaya tana ci har minti 20 ko fiye, lokacin da ya ishi namijin ya gama barbara. Idan kuwa ɗan mitsitsi ne, sai ta yi tafiyarta da wuri. Akwai ma mazan da kan kwaikwayi mata don su ƙwace toshin wani, kun ji ɓarayin zaune!

Abin da ya fi shafar mu kuwa yana jikin karnuka da kyanwoyin gidajenmu. A shekarar 2020, wani binciken ƙwayoyin halitta da aka yi a Jami'ar Bristol ta Ingila ya nuna cewa ƙuma reshe ce daga cikin wannan dangi, wadda ta rasa fukafukai ta koma shan jini.