3.4 Tsallake Kwasa-kwasan Horon Kunne da Ƙa'idojin Kiɗa ta Hanyar Jarrabawa

Kamar yadda aka nuna a sashen da ya gabata, yawancin matasan da ke kiɗa da waƙa a Mahuta ba a aji suka koya ba. Mahuta unguwa ce a ƙaramar hukumar Chikun, kudu da kogin Kaduna, daura da matatar mai da aka buɗe a 1980, kuma majami'unta ne suka fi zama makarantar kiɗa ga yaranta. Yaro kan shiga ƙungiyar mawaƙa tun yana firamare, ya shekara goma yana rera waƙa mai murya huɗu bai taɓa buɗe littafin ƙa'ida ba. Abin da wannan sashe zai duba shi ne, in irin wannan matashi ya sami gurbin karatun kiɗa a kwaleji ko jami'a, shin ya kamata ya zauna da 'yan koyo, ko kuwa a gwada shi a ɗauke masa abin da ya riga ya sani?

Kwasa-kwasan da ake magana a kansu iri biyu ne. Horon kunne shi ne malami ya buga sauti biyu a fiyano ɗalibi ya faɗi tazarar da ke tsakaninsu, ko ya buga gajeren kari ɗalibi ya rubuta shi, ko kuma a miƙa wa ɗalibi rubutacciyar waƙar da bai taɓa ji ba ya rera ta nan take. Ƙa'idojin kiɗa kuwa su ne nahawun fannin, wato yadda ake gina tsanin sauti da haɗa sautuka da rubuta su a kan layuka biyar.

A Amurka an saba yi wa sabon ɗalibi jarrabawar tantancewa kafin a fara darussa, wanda ya ci sai a wuce da shi kwas na gaba. Akwai kuma jarrabawar AP da ake yi tun a sakandare, mai maki 1 zuwa 5, amma kowace jami'a ita ke yanke makin da za ta karɓa, wasu ma sai sun sake gwada ɗalibi da kansu. A Ingila, hukumar ABRSM da aka kafa a 1889 tana da matakai takwas, kuma tana barin mutum ya shiga matakin da ya ga zai iya ba tare da ya bi na ƙasa ba. Sai dai ta kafa shinge guda: ba a shiga mataki na 6 zuwa na 8 a aikace sai an ci mataki na 5 na ƙa'ida ko makamancinsa.

A Nijeriya, inda aka fara buɗe sashen kiɗa na jami'a a Nsukka a 1961, hanyar da aka fi sani ta takarda ce. Mai shaidar NCE ko difloma kan nemi shiga kai-tsaye ta hukumar JAMB ya fara daga aji biyu, ya tsallake darussan aji ɗaya gaba ɗaya. Ƙungiyar MUSON ta Legas, wadda aka kafa a 1983, ita ma tana shirya jarrabawa mataki-mataki. Ke nan wanda ya koya a majami'a, komai kaifin kunnensa, ba shi da abin nunawa sai ya zauna ɗaya daga cikin waɗannan, ga kuɗin rajista, ga neman mai koyarwa.

To, me matashin Mahuta ya sani, me kuma bai sani ba? Rubutun da aka fi amfani da shi a majami'u shi ne solfa, wanda John Curwen ya yaɗa a Ingila daga shekarun 1840, 'yan mishan kuma suka kawo shi ƙasar nan. Haruffa bakwai ne, d r m f s l t, da ɗige-ɗige masu nuna tsawon kowane sauti. A wannan tsari ko daga ina aka ɗauki murya, d ita ce gida, sauran kuma ana auna su da nisansu daga gare ta. Wannan shi ne ainihin abin da horon kunne ke son dasawa. Saboda haka mawaƙin da ya daɗe da solfa kan ji kari sau biyu ya mayar da shi haruffa, abin da kan ɗauki ɗan koyo tsawon zango. Bugu da ƙari, mai jin Hausa ya saba bambanta ma'ana ta hawa da saukar murya, wanda da shi ne kalangu ke magana, ko da yake bai kamata a zuzuta wannan ba, domin jin karin harshe daban, sanin sunan tazara daban.

Giɓin yana wajen rubutu. A layuka biyar kowace alama tana da sauti tsayayye, kuma sai an karanta alamomin farkon layi kafin a san inda d ta zauna. Wanda bai saba ba zai ji amsar sarai a kunnensa ya kasa sa ta a takarda. Haka nan masu buga kibod da yawa a mazaunin sauti ɗaya suka ƙware, in mawaƙa sun ɗaga murya sai su danna maɓallin da ke sauya sautin na'urar, yatsunsu na nan inda suka saba. A majami'a wannan ba aibi ba ne, amma a ɗakin jarrabawa fiyano ba ta da wannan maɓalli. Har ila yau, waƙoƙin gargajiya da dama a kan sauti biyar aka gina su, kwatankwacin d r m s l, babu f babu t, alhali a wajen waɗannan biyun ne ake samun rabin taki, wanda jarrabawa ke yawan tambaya a kansa.

Wannan ya nuna cewa haɗa kwasa-kwasan biyu a yafe su tare, ko a tilasta su tare, duk kuskure ne. Tilasta wa gwanin solfa zama yana maimaita d r m ɓata lokaci ne, kuma yakan sa shi raina darasin har ya daina zuwa, ranar da aka shiga abin da bai sani ba kuwa ba ya nan. Yafe masa ƙa'ida kuma ya fi haɗari, domin a aji biyu za a ba shi kari a ce ya rubuta masa sauran muryoyi uku bisa doka, kuma ba mai komawa baya dominsa. Abin da ya fi dacewa shi ne a raba gwajin gida biyu. A na kunne a yarda ya ba da amsa da solfa, tun da ji ake aunawa. A na ƙa'ida kuwa a buƙaci layuka biyar, a kuma sa tambaya a mazaunin sauti aƙalla uku daban-daban, ɗaya daga ciki ya zama wanda ke sauka a kan l maimakon d.