Goribar da ke Tsibiran Tafkin Chadi

A N'Djamena kogin Logone ke haɗuwa da Chari, kuma su biyun ne ke kai wa Tafkin Chadi kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan da ke shigarsa. Mai son ganin tsibirai sai ya bi hanyar Massaguet da Massakory zuwa Bol, daga nan ya shiga kwale-kwale. Tun hare-haren Boko Haram na 2015, shiga yankin ya yi wuya.

Tsibiran nan asalinsu tuddan rairayi ne na Kanem, waɗanda iska ta tara a wani dogon zamani na fari. Da ruwa ya dawo sai ya cike kwaruruka, ya bar kawunan tuddan a waje. Shi ya sa suke jere kamar kunyoyin gona, gaɓarsu farin yashi, shanun Kuri na Buduma suna iyo daga wannan zuwa wancan.

Tafkin ba shi da kogin da ke fita daga cikinsa, amma ruwansa na shayuwa, domin yana tsiyayewa ta ƙarƙashin rairayi, ya tafi da gishirin, ya fito kanwa a kwaruruka masu nisa. Wannan ruwan na ƙasa shi goriba ke sha. Saiwarta na nutsawa, kuma ba ta gudun ƙasa mai ɗan gishiri. Cikin danginta, su dabino da giginya, ita ce ke raba gangarta biyu, kowane reshe ya sake rabuwa. Akwai namiji akwai mace, macen kaɗai ke 'ya'ya.

Abin da ya fi damuna shi ne kaba. Mutane da yawa ba su lura cewa kaba da goriba abu ɗaya ne ba: kaba goriba ce da ba a bari ta tashi ba. In ana yankar ganyenta kullum don tabarma da igiya, akuya na cin tohonta, sai ta dawwama a ƙasa, ba 'ya'ya, ba ƙodagon da zai tsiro gobe. Mutanen Gulbin Kaba a jihar Maraɗi sun ga haka da idonsu.

Chadi ta sa ɓangarenta na tafkin cikin yarjejeniyar Ramsar ta kiyaye dausayi a 2001, kuma hukumar kula da tafkin tana N'Djamena tun kafa ta a 1964. Amma a tsibiran, ainihin kiyayewar tana hannun manomin da zai zaɓi toho ɗaya ko biyu a kowane gindin kaba, ya kewaye shi da ƙaya har ya fi ƙarfin bakin akuya.