Giris ma yana yawa

Akwai maganar da yaran kanikawa ke gada daga iyayen gidansu a masana'antu, daga Sharada har Challawa: wai giris ba ya yawa, a yi ta danna bindigar giris har sai ya ɓullo ta gefen boris. Masu faɗin haka ba da ka suke magana ba. Sun ga boris ya bushe ya ƙone ya tsayar da aikin yini guda, sun sha faɗan manaja. Kuma akwai inda suke da gaskiya: boris mai juyawa a hankali cikin ƙura, irin na bel ɗin jigilar kaya a kamfanin siminti, cika shi yana tare wa datti hanya.

Amma injin lantarki mai juyi kusan 1,500 ko 3,000 a minti ba haka yake ba. Idan gidan boris ya cika taf, ƙwayoyin ƙarfen da ke cikinsa ba su da inda za su ture giris, sai su yi ta kaɗa shi, zafi na hawa. Giris kuwa mai ne da aka riƙe cikin wani abu mai kauri, galibi sabulun litiyam. Kaɗawa da zafi sukan raba su kamar yadda man shanu ke rabuwa da tsala: man ya tsiyaye, a bar baƙin dunƙule mai tauri. Sai yaro ya ɗora hannu ya ji zafi, ya ce ƙishi yake ji, ya ƙara masa. Matsin bindiga ya fasa robar da ke rufe bakin boris, giris ya kutsa cikin naɗin waya, ƙurar hunturu kuma ta samu ƙofa. Kamfanin SKF, mai ƙera boris, yana ba da shawarar a rage tazarar sa giris da rabi a duk ƙarin digiri 15 sama da 70. Wato zafin da cikawa ta jawo shi ke cinye ran giris ɗin.

Adadin da ya dace ba duba ba ne, lissafi ne. A ninka faɗin boris na waje da kaurinsa a milimita, a sake ninkawa da 0.005. Boris mai lamba 6310 faɗinsa 110, kaurinsa 27, saboda haka giram 15 ya ishe shi. Dannawa nawa ke nan? Sai an danna bindigar a kan sikeli an gani, don kowace da abin da take fitarwa.

Ga kuma gauraye. Injinan lantarki da yawa suna zuwa da giris na foliyuriya, wanda sau da yawa ba ya jituwa da na litiyam. A haɗa su, ya tsinke ko ya daskare, ko da launinsu ɗaya.

A ganina laifin ba na bakanike ba ne, na wanda ya miƙa masa bindiga ba tare da takarda ba ne. Tun 1966 rahoton Peter Jost ya kiyasta cewa masana'antun Birtaniya za su iya tsimin fam miliyan 515 a shekara idan suka kula da gogayya da shafa mai. Abin da ake bukata kuwa ba ya cin kuɗi sosai. A rubuta kowane inji, da irin giris ɗinsa, da giram nawa, da bayan awa nawa na aiki. Kowane giris da bindigarsa, a shafa mata fenti iri ɗaya da na kan nonon boris ɗin da za a sa wa. A goge nonon kafin a danna. A buɗe matoshin ƙasan gidan boris, a bar injin ya yi ɗan gudu ya fitar da rara, sannan a rufe. Zafin zai ɗan hau bayan an sa sabon giris, ya kuma sauko. Idan bai sauko ba, a rubuta a littafi a kira mai auna girgiza, kada a sake ɗauko bindiga.