Shirin Musamman: Wasiƙar da Afirka ta kai wa Paparoma

 Akwai maganar da ake yawan ji a majalisar shayi, wai auren jinsi ɗaya abin Kiristoci ne, su suka yarda da shi, su suke neman shigo mana da shi. A Nijar, ƙasar da Kiristoci ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, irin wannan magana tana da nauyi, domin ba mu manta da coci-cocin da aka ƙona a Damagaram da Yamai a watan Janairun 2015 ba, kan zanen da wata jarida ta yi a Faransa. Don haka yau bari mu bi maganar daga tushe.

Ranar 18 ga Disamban 2023 fadar Vatikan ta fitar da takarda mai suna Fiducia Supplicans, wadda ta ba limaman Katolika damar sa albarka ga mutum biyu masu jinsi ɗaya da ke zaune tare, bisa sharaɗin kada abin ya yi kama da ɗaurin aure. Nan da nan bishop-bishop na Najeriya da Malawi da Zambiya suka ce ba da su ba. To ga abin da ya fi ɗaukar hankalina. Kadinal Fridolin Ambongo na Kinshasa, shugaban ƙungiyar bishop-bishop na Afirka, ya tattara amsoshin ƴan uwansa, ya hau jirgi ya tafi Roma da ƙafarsa. Ya gana da Paparoma Francis, sannan ya zauna da Kadinal Fernández, wato shi wanda ya sa hannu a takardar farko, suka daidaita amsar tare. Ranar 11 ga Janairun 2024 wasiƙar ta fito: ba za a yi wannan sa albarka a cocin Afirka ba. Ku lura da kyau, jama'a, da yardar Paparoman kansa aka fitar da ita. Bishop-bishop na Nijar, waɗanda suke majalisa ɗaya da na Burkina Faso, suna cikin wannan ƙungiya.

Na Angilikan ma haka aka yi tun da farko. Da cocinsu ta Amurka ta naɗa Gene Robinson bishop a 2003, Peter Akinola, shugaban cocin Angilikan ta Najeriya a lokacin, shi ne ya ja gaban masu adawa, har suka yi taronsu a Kudus a 2008.

Wani zai ce, ai ga coci-coci a Turai da Amurka suna ɗaura wannan aure. Gaskiya ne, suna yi, kuma ko a Afirka ta Kudu, wadda ta halatta shi a 2006, marigayi Desmond Tutu ya tsaya wa masu wannan hali har ƙarshen ransa. Amma wannan yana nuna mana cewa Kiristoci ba baki ɗaya suke ba, kuma maƙwabcinka da ke zuwa coci a Yamai ko Dogon Dutsi bai da alhakin abin da aka yanke a wata nahiya. Dokar Nijar ba ta san wannan aure ba, cocin Nijar ba ta nemi a san shi ba.

Inda Kiristocin Afirka suka rabu da gaske shi ne batun kurkuku. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan na Najeriya ya sa hannu a dokar da ta yanke ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi, da shekara 10 ga masu kafa musu ƙungiya, shugabannin coci da yawa suka yaba. A cikin watan nan ne taron jama'a ya yi ta jifa a wata kotun shari'a a Bauchi, ana neman a kashe waɗanda ake tuhuma da luwaɗi tun alƙali bai yanke hukunci ba. Paparoma Francis, wanda bai taɓa sauya koyarwar cocinsa kan aure ba, ya ce a 2023 bai kamata a mayar da luwaɗi laifin da hukuma ke ɗaure mutum a kansa ba, Kadinal Peter Turkson na Gana shi ma ya faɗi haka. A ganina wannan bambanci ya cancanci a saurare shi, ko da mai sauraro bai yarda da shi ba: malami ko limamin coci ya kira abu zunubi hakkinsa ne, amma da zarar zargi kaɗai ya isa a ɗauki dutse, babu wanda ya tsira, har wanda aka yi wa ƙage.

Lokaci ya kama mu. Mali ta sa hukunci kan luwaɗi a dokarta a 2024, Burkina Faso ta bi a 2025, muhawarar kuwa ta riga ta iso gare mu.