Gansakukar da Ke Ƙyalli a Bakin Kogo

Kowa ya san gansakuka, koren abin nan da ke lulluɓe gindin randa da katangar rijiya da damina. Ba kasafai ake kula ta ba, alhali kuwa ire-irenta a duniya sun haura dubu 10. A cikinsu akwai wata da ba a cika samu ba, masana tsirrai na kiranta Schistostega pennata. Tana fitowa ne a ƙasashe masu sanyi na Turai da Arewacin Amurka da Japan, a jikin duwatsu masu laima, da bakin kogo, da ramukan zomaye, da ƙarƙashin saiwar bishiyoyin da suka faɗi.

Wanda ya leƙa irin wannan wuri zai hango wani haske kore mai ratsin zinariya yana walƙiya cikin duhu. Da ya kai hannu ya ɗebo, sai ya ga jiƙaƙƙiyar ƙasa kawai. Shi ya sa Turawan dā suka laƙaba mata zinariyar aljanu.

Ita dai ba ta samar da haske da kanta. A farkon tsirowarta takan shimfiɗa wasu siraran zare masu ƙwayoyin halitta kewayayyu, kowace ƙwaya tana tattara ɗan hasken da ya kutso kogon, ta tara shi a kan koren sinadarin da tsiro ke haɗa abincinsa da shi. Ragowar hasken sai ya dawo ta inda ya shigo, kamar yadda idon kyanwa ke ƙyalli da dare idan an haska shi.

Wannan baiwa ce ta sa take rayuwa a inda sauran tsirrai ba su iyawa. Amma ba ta jure gogayya. Idan aka sare bishiyoyin kewaye rana ta yi yawa, ko wurin ya bushe, sai wasu tsirrai su mamaye ta, ko ta mutu.

Mutanen Japan, da ke kiranta hikarigoke, sun fahimci haka. A 1928 gwamnatinsu ta sanya mazauninta na kogunan Yoshimi, a lardin Saitama, cikin wuraren da doka ta kare. Abin da suka tsare shi ne inuwa da laimar wurin, domin irin wannan tsiro da wuya ya rayu idan aka raba shi da muhallinsa.